Jinjina ga Mawaƙan Tsintsiya

A kasuwar Sankaryare ta Wagadugu, matasa masu tura amalanke da masu gyaran babur sun daɗe suna kukan ba mai sauraronsu. Smockey mai rap da Sams'K Le Jah mai reggae suka ɗauki kukan nan suka sa a waƙa.

A 2013 suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen, wato Tsintsiyar 'Yan Ƙasa, suka fito da tsintsiya a hannu. Da Shugaba Blaise Compaoré ya nemi tazarce bayan shekara 27 a kan mulki, matasa suka cika tituna. Ya sauka ranar 31 ga Oktoba 2014.

Mawaƙan nan biyu sun cancanci jinjina. A Satumba 2015 sojojin Janar Diendéré, da suka yi juyin mulki, suka ƙona Abazon, ɗakin naɗar waƙoƙin Smockey, amma bai yi shiru ba.