Usman Sembene da Almakashin Hukuma

Duk wanda ya yi nazarin tarihin majigi a Afirka ta Yamma, lalle ne ya tsaya a kan Usman Sembene, mutumin Ziguinchor ta ƙasar Senegal, wanda aka haifa a 1923, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya wallafa littattafai da Faransanci, sa'an nan ya fahimci cewa talakawan da yake rubutu dominsu ba su iya karanta abin da ya rubuta ba. Wannan ne dalilin da ya sa ya tafi Mosko koyon sana'ar fim, kuma a 1968 ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. A ganina, daga nan ne husumarsa da mahukunta ta samo asali, domin littafin da mutum ɗari za su karanta a ɗaki bai tayar wa mai mulki hankali kamar hoton da jama'ar kasuwa za su kalla tare, su yi dariya tare.

A cikin Xala, na 1975, ya nuna attajiran ƙasa suna korar Turawa daga majalisar 'yan kasuwa da alfahari, ba a jima ba Turawan suka dawo, suka ajiye wa kowannensu jaka cike da kuɗi. Ga kuma direban Alhaji, jarumin fim ɗin, yana wanke Marsandi da ruwan kwalba na Evian, alhali mabarata suna zaune a bakin titi. Hukumar tace fina-finai ta yanke wurare da dama kafin ta yarda a nuna shi, Sembene kuwa ya buga takardu ya rarraba wa jama'a, yana bayyana musu abin da aka cire.

Amma mas'alar Ceddo, na 1977, ita ce ta fi ban mamaki. Fim ne a kan limamin da ya ƙwace sarauta, ya tilasta wa mutane shiga addini, kuma Musulmi mai adalci yana da hujjar da zai yi jayayya da yadda Sembene ya siffanta wannan tarihi. Sai dai gwamnatin shugaban ƙasa Senghor ba ta shiga wannan muhawara ba; abin da ta kafa hujja da shi shi ne cewa an rubuta sunan fim ɗin da harafin d biyu, saɓanin ƙa'idar rubutu ta hukuma. Senghor Kirista ne mai mulkin ƙasar da galibinta Musulmi ne, yana kuma dogaro da goyon bayan shehunan ɗariƙu, saboda haka illar nahawu ta fi masa sauƙin faɗa. Sembene ya ƙi sauke harafin, fim ɗin ya zauna a haramce shekaru.

Faransa ma, wadda ke tinƙaho da 'yancin magana, ta yi kusan shekara goma ba ta bari an nuna Camp de Thiaroye na 1988 ba, wanda ya ba da labarin sojojin Afirka da rundunarta ta harbe a 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu na albashi.