Lambun da Ke Faɗa da Hunturu

Duk sabuwar unguwar da ka shiga a Kano ko Kaduna ko Abuja, lambun gidajen masu hali kusan iri ɗaya ne: ciyawar Turawa shimfiɗe kamar darduma, dogayen bishiyoyin nan 'yan Indiya marasa inuwa a jere jikin katanga, sauran filin kuma an daɓe shi da siminti. Da damina ba laifi. Amma ruwa na ɗaukewa a watan Oktoba sai a shiga yaƙi. Mai gadi na riƙe da tiyo safe da yamma, injin rijiyar burtsatse na ta ruri, duk don kada baƙo ya zo ya ga ciyawa ta bushe.

A ganina wannan yayi ya rufe mana ido daga kyan kaka da hunturu. Mun ɗauka lambu ba ya yin kyau sai yana kore shar, alhali rabin shekararmu ba kore ba ce.

Dubi gawo. Lokacin da kowace bishiya ke tofo, shi zubar da ganye yake yi, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa. Sai daji ya bushe, hazo ya sauko, sannan ya fito da ganyensa da fure, daga baya 'ya'yansa masu lanƙwasa su riƙa faɗowa, awaki na rububinsu. Manoman Maradi da Damagaram sun san darajarsa. Tun shekarun 1980 suke yin sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona suna yi masa aski maimakon sarewa, har aka kiyasta hekta miliyan 5 sun sake samun bishiyoyi a Nijar. Ko gurjiya: a tsakiyar sanyi, ba ganye ko ɗaya a jikinta, sai jajayen furanni masu kauri a kan rassa tsirara, ƙudan zuma na shige da fice, abin da ya faɗo ƙasa kuma mata su tsince don miya. Wace bishiyar waje ce za ta ba ka wannan a watan Janairu?

Ga kuma tsuntsaye. Shamuwa na yin kudu, baƙi daga Turai na isowa. Agwagin ruwa na sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin Ramsar a 2000. Ƙananan kuwa, masu cin ƙwari, bayan sun ƙetare Sahara itatuwan ƙaya irin su gawo suke nema, don a nan abincinsu yake. Dalbejiya da turare ba su cika tara su ba.

Abin dariyar ma, Turawan da muke kwaikwayo sun fara sauya hanya. Piet Oudolf ɗan ƙasar Holan, wanda ya tsara shuke-shuken lambun High Line da aka buɗe a New York a 2009, ya yi suna ne da barin ciyayi su bushe a tsaye duk tsawon sanyi, tsuntsaye na cin irinsu.

Gaskiya ne gawo na da ƙaya, kuma ba kowane fuloti ne zai ɗauke shi ba. To akwai magarya, wadda ke nuna daidai lokacin sanyi, akwai lalle don shinge, akwai zogale. Matsalar tana wajen masu sayar da dashe a bakin titi, waɗanda abin da ake saye kawai suke rainon sa. Sai ka je da kanka ka ce kana son magarya ko gurjiya, ka bar kafin alƙalami, ka dawo kafin faɗuwar damina ka karɓa.