Jinjina ga masu riƙe da lissafin jama'a

Sau biyu a jere Jigawa ta damƙa ragamarta a hannun akantoci. Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Ɓaɓura, ya karanta aikin akanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kafa kamfanin Talamiz, sannan ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023. Baba Mai Kalkuleta jama'a ke kiransa, saboda yadda yake tsefe kuɗin kwangila kafin ya sa hannu. Magajinsa, Umar Namadi, shi ma akanta ne ɗan kasuwa, sai da ya riƙe kwamishinan kuɗi.

Ni dai sana'ar nake jinjina wa. Akanta na gari yakan kai magariba a ofis yana bin takardar albashi suna bayan suna, don kada ma'aikacin bogi ya cinye haƙƙin malamin firamare. A kawo masa rasit, sai ya tambayi inda buhunan simintin suke. Maroƙa ba sa yi masa kirari, marowaci ma ake ce masa. Amma da farashin mai ya faɗi a 2016, kason Abuja ya ragu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, hannun irinsa aka koma kallo.