BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN HANYOYIN AUNA ABIN DA ƊALIBI YA KOYA A WAJEN HIDIMA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar koyo ta hanyar hidima da kuma tarihinsa. A wannan babi za a yi sharhi ne a kan hanyoyin da ake bi wajen auna abin da ɗalibi ya ƙaru da shi bayan an tura shi aiki cikin al'ummar da ba tasa ba. Za a fara da jami'o'in ƙasashen waje, sannan a dawo Dutse da kewayenta, inda shirin yi wa ƙasa hidima ya fi kowane shiri kama da nasu. Gaskiya ne cewa ɗan hidimar ƙasa ya riga ya gama digiri, kuma bai tsallaka iyakar Nijeriya ba. Amma wanda ya taso daga Kalaba ko Inugu ya sauka a Miga ya tarar da harshe da abinci da al'adun da bai saba da su ba, don haka baƙuncinsa bai gaza na Baturen da ya haye teku ba. Abin da babin yake son nunawa shi ne, a can da nan duka, ba a cika tambayar masu masauki ba, alhali su ne suka ga zaman baƙon da idonsu.

4.1 Ma'aunin Jami'o'in Ƙasashen Waje

Yawancin jami'o'in Amurka da ke tura ɗalibai hidima zuwa Afirka da Asiya da Kudancin Amurka sun ɗora ma'auninsu a kan ra'ayin David Kolb (1984), wanda ya nuna cewa aikata abu ba ya zama ilimi sai mutum ya koma ya yi tunani a kansa. Saboda haka ake umartar ɗalibi da ya riƙe littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a ransa. Ash da Clayton (2009) sun tsara wannan rubutu bisa matakai uku, wato ɗalibi ya bayyana abin da ya faru, ya ƙwanƙwance shi, sannan ya faɗi darasin da ya ɗauka. Akwai kuma jerin tambayoyi 50 da aka gina a kan nazarin Milton Bennett (1986), wanda ya kasa fahimtar al'adun wasu zuwa matakai shida, daga wanda bai ma yarda akwai bambanci ba har zuwa wanda ya iya zama cikin al'adu biyu. Ana ba ɗalibi tambayoyin kafin tafiya da bayan dawowa, a kwatanta.

Babu shakka waɗannan hanyoyi sun fi a bar ɗalibi ya je ya dawo ba tare da an tambaye shi komai ba. Sai dai idan aka lura da kyau, duk shaidar daga bakin mutum ɗaya take fitowa. Ɗalibin shi ne mai ƙara, shi ne kuma shaida. Wanda ya iya alƙalami, ya kuma san abin da malaminsa yake son ji, zai iya rubuta cewa tafiyar ta sauya shi, ko da kuwa bai taɓa cin abinci a gidan kowa ba.

Abin da ya faru a Ibadan a watan Oktoba na 1961 ya isa misali. Margery Michelmore tana cikin rukunin farko na 'yan sa-kai na Peace Corps da gwamnatin Kennedy ta turo Nijeriya. Ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati tana bayyana talauci da ƙazantar da ta ce ta gani, katin ya faɗa hannun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, daga ƙarshe ta bar ƙasar. Da wannan kati shafi ne na littafin tunani, da ba mamaki ya sami maki, domin ta bayyana abin da ta gani, ta kuma faɗi yadda ya girgiza ta. Masu masaukin ne suka karanta shi da wani ido, suka ga raini.

A wancan zamani kuma shirin ya kawo Paul Newman, wanda ya koyar a Maiduguri. Shi ne daga baya ya jagoranci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, ya kuma wallafa babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000. Haka Russell Schuh, wanda ya yi nasa aikin a Nijar kafin ya zama masanin Hausa da sauran harsunan Cadi. Babu wata takardar tambayoyi da za a cike ranar sallama da za ta iya hango wannan. Wato ke nan ma'aunin yana da rauni na biyu, shi ne gaggawa.

4.2 Ma'aunin Hidimar Ƙasa a Dutse da Kewaye

An kafa shirin yi wa ƙasa hidima da Doka ta 24 ta 1973 a zamanin Janar Yakubu Gowon, shekara uku bayan yaƙin basasa, aka sake dokar a 1993. Daga cikin manufofinsa akwai kawar da jahilci da ƙyamar juna tsakanin ƙabilu. Wannan manufa ta ilimi ce ƙarara, domin ana so matashi ya san wani abu da bai sani ba. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, tana karɓar nata kason a sansanin Fanisau da ke Dutse, inda ake yin mako uku ana fareti da laccoci. Daga nan a rarraba su ƙananan hukumomi 27, ciki har da bakwai na masarautar Dutse: Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun da Miga. Da yawansu makarantu ake kaiwa.

To, me ake aunawa a cikin watannin da suka rage? Kowane wata ɗan hidima yana karɓo takarda daga shugaban wurin aikinsa mai nuna cewa yana zuwa aiki, ya kai wa sufeton ƙaramar hukuma, ya dangwala yatsa, sannan a biya shi alawus, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa naira 77,000. Rana ɗaya a mako ana taron aikin raya al'umma, nan ma sa hannu ake yi. Wanda ya yi fashi ana ƙara masa wa'adi, wanda ya gudu ana sa shi maimaitawa. Duk wannan awon halarta ne. Yana amsa tambayar ko mutum yana nan, amma bai taɓo tambayar ko ya koyi wani abu ba. Matashin da ya shekara a Kiyawa bai san sunan unguwar da ke bayan makarantarsa ba, da wanda ya shiga gari har ana gayyatarsa suna da biki, takarda iri ɗaya suke karɓa ranar sallama.

Ko awon halartar ma yana da wata ɓaraka da ya kamata a faɗa. A ɗauka akwai makarantar ƙauye da ba ta da malamin lissafi sai ɗan hidima. Shugabanta zai yi nauyin hana shi takarda, don kada ya nemi sauyin wuri a rasa gaba ɗaya. Mai buƙata ba ya iya zama alƙalin wanda yake buƙata. (Irin wannan rauni yana tattare da littafin da ɗaliban jami'a kan cike a lokacin koyon aiki a ma'aikatu, amma wannan ba hurumin babin nan ba ne.)

Inda shirin ya ɗan matso kusa da auna inganci shi ne lambar yabo ta jiha da ta shugaban ƙasa, wadda ake bai wa waɗanda suka yi fice, musamman a aikin raya al'umma na ƙashin kai. Amma abin da ake iya ƙirgawa da ɗauka a hoto shi ya fi tasiri a nan: rijiya, bencina, allo, ban-ɗaki. Wannan yana fifita mai hanyar samo kuɗi a kan mai haƙurin zama da yara. Bugu da ƙari, hoton ranar buɗe rijiya bai nuna ko za ta kai bazara mai zuwa da ruwa ba.

4.3 Harshe da Shaidar Masu Masauki

A sansani ana ɗan koyar da Hausa, gaisuwa da ƙirge da cinikin kasuwa, amma ba a sharɗanta wa kowa cin jarrabawar harshe kafin a sallame shi ba. A nan aka yi sakaci da ma'aunin da ya fi kowanne araha da wuyar maguɗi. Mutum yana iya rubuta cewa ya ƙaunaci jama'a, amma ba ya iya ƙaryar jin Hausa. Hira ta minti goma a makon farko da wata a watan ƙarshe za ta bayyana da wa ya zauna. Wanda ya san a ce "barka da hutawa" ga dattijo, ya san ba a kiran sunan maigidan da ya sauke shi gatsau, ya iya taya buhun gero a kasuwar Shuwarin, ba a ɗaki ya koyo su ba. Malaman Hausa na makarantun sakandare, waɗanda suke zaune a garuruwan, za su iya ɗaukar wannan hira ba tare da an kashe wani kuɗi mai yawa ba.

Ana iya yin suka ta fuska biyu. Ta farko, ba kowane ɗan hidima ne baƙon harshe ba. Wanda ya zo daga Sakkwato ko Zariya zai ci hirar tun ranar farko, kuma a rugagen Gwaram da Birnin Kudu Fulatanci ne harshen gida. Wannan suka tana da ƙarfi, amsarta kuma ita ce a auna tazarar da mutum ya yi, ba matsayin da ya tsaya ba, a kuma bar harshen wurin ya zama abin gwaji.

Ta biyu ta fi wuya. Idan an ce a tambayi masu masauki, Bahaushe yana da kara, ba ya kushe baƙo a gaban hukuma. Dagacin da aka miƙa wa takarda aka ce ya ba da maki zai ba da mafi girma, ya ƙara da addu'a. Saboda haka sauya mai cike takarda daga shugaban makaranta zuwa dagaci ba zai gyara komai ba. Abin da zai yi amfani shi ne tambayar da ba ta neman hukunci, sai labari. A tambayi ɗaliban aji wane darasi suke tunawa, a tambayi maƙwabta gidan wa yake shiga, wa ya kai shi asibiti da zazzaɓi ya kama shi, wane suna gari ya laƙaba masa. Wanda mutanen gari suka raɗa wa suna ya shiga cikinsu. Wanda har ya tafi ana ce masa "kofa" kawai, da sauran nisa. Sannan a riƙa ajiye waɗannan amsoshi a ofishin sufeto, a kuma ɗora wa rukunin da zai biyo baya aikin ziyartar rijiyoyi da azuzuwan da na gabansu suka bari, su rubuta halin da suka same su a ciki bayan shekara guda.