Kwamfuta Ta Ce Bishiya Ce Ta Tsaga Gidan: Mu Yarda?

A 'yan shekarun nan, masu bincike na zuba dubban rahotannin lalacewar gidaje cikin kwamfuta don ta zaƙulo musu musabbabi. Wannan shi ake kira haƙar bayanai. Dabarar tana da amfani, amma tana da rauni babba: ba ta ganin komai sai abin da aka rubuta.

Mu ɗauki Ingila misali. Birnin Landan yana zaune ne a kan ƙasar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Wannan motsi kan sa harsashin gini ya nitse, bango ya tsage. Bayan farin 1976, masu neman diyya sun yi wa kamfanonin inshora caa. To amma a farkon shekarun 1970 ne aka fara saka irin wannan lalacewa cikin inshorar gidaje. Kafin nan ma bango na tsagewa, sai dai mai gida ya kira magini ya liƙe, shi ke nan. Kwamfutar da ta dogara da takardun inshora za ta zaci matsalar sabuwa ce.

Haka batun bishiyoyi. Masana a lambun tsirrai na Kew sun tantance saiwoyin da aka tono kusa da gidajen da suka tsage, bishiyar oak ta zo kan gaba. Gaskiya ne saiwa na tsotse ruwan laka. Amma daga gidajen da suka lalace kaɗai aka kawo saiwoyin. Gidaje nawa ne ke maƙwabtaka da oak lafiya lau? Babu su a lissafin. Kuma da irin wannan sakamako ake sare bishiyoyi, ake tantance wanda zai biya gyara.

A wajenmu abin ya fi tsanani. Akwai baƙar laka mai kumbura a sassan Borno, Gombe da Adamawa, amma yawancin gidaje ba su da inshora, balle rahoto. Gidan ƙasar da damina ta rusa a ƙauye ba ya shiga kowane kundi.

Don haka idan ka ga bincike irin wannan, yi tambaya uku: wa ya tattara bayanan, don me, kuma an kwatanta da gidajen da ba su lalace ba? Kwamfuta na iya nuna inda ya kamata a duba, amma sai injiniya ya haƙa rami ya gwada ƙasa kafin a yanke hukunci.