A auna direba kafin a kunna walda

Duk wanda ya saba zuwa kilisa Minjibir ya san yadda filin da ke wajen dam ɗin Wasai yake cika da yamma: ga dawaki, ga babura, ga motocin samarin birni suna ta da ƙura. Abin da ya fi jan hankalina yanzu shi ne 'yan ƙananan motocin tsere marasa rufi da ake kira kat. Wata an shigo da ita daga waje, wata kuwa mai walda ne ya haɗa ta da bututun ƙarfe da injin babur. Ina son wannan ƙirƙira, ina kuma alfahari da yaranmu masu yin ta. Sai dai wata ɗabi'a tana neman zama jiki: a ƙera mota, a yi mata fenti, a manna mata hotuna, sannan a fara tunanin wanda zai shiga. Dogon mutum shi ke kwana a ciki.

Ɗan yayana dogo ne, ya kusa mita 1.9. Ranar da ya fara hawa kat ɗin abokinsa, gwiwoyinsa sun tokare sitiyari hagu da dama. Da ya yi ƙorafi, maganin da aka ba shi guda ɗaya ne: a ja kujera can baya, a kwantar da ita. Haka aka yi. Ƙafa ta samu wuri, amma hannuwansa suka miƙe sambal, da ƙyar yatsunsa ke riƙe sitiyari. A kwana ta biyu motar ta ƙi juyawa, ta zarce da shi cikin yashi. Da ya taso yana kakkaɓe jiki sai ya ce da ni, "Baffa, wallahi na murɗa, ita ce ta ƙi bi." Gaskiya ya faɗa.

Kat ba ta da sifirin, ba ta da shokozoba. Tayoyinta na baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa ba bambancin gudu. A mota ta yau da kullum, tayar waje tana ɗan fin ta ciki sauri idan an sha kwana. Kat ba ta da wannan dabara, don haka dole tayar baya ta ciki ta ɗan saki ƙasa kafin motar ta lanƙwasa. Nauyin direba yana taimakawa wajen ɗaga ta, domin shi kaɗai ya kai kusan rabin nauyin motar da abin da ke kanta. Masu harkar sukan so kusan kashi 43 cikin 100 na nauyin ya faɗa gaba, 57 baya. Idan ka kwashe dogon mutum ka jibge shi a kan tayoyin baya, gaba ya yi sakayau, tayoyin gaba su rasa abin da zai danna su, sitiyari ya zama kwalliya. Abin da ya kai ɗan yayana yashi ke nan.

Tsawon dogo ba a ƙafa kaɗai yake ba. Kafaɗunsa da kansa suna can sama, suna rinjayar motar waje idan an karya kwana. A kan kwalta mai kama taya hakan kan sa kat ta riƙa tsalle, har ta tashi a kan tayoyi biyu. Shi ya sa a filayen tsere na Turai ake saukar wa dogo kujera ƙasa iyakar saukuwa, a ɗan jingina ta kaɗan. A ƙasar Minjibir mai yashi da santsi kuwa, wannan rinjaye yana iya zama riba, don yana taimaka wa tayar waje ta kama ƙasa. Wanda ya kwaikwayi zaman da ya gani a bidiyon waya bai tambayi irin filin ba, ya ɗauko abin da ba nasa ba.

Gyaran da ya dace ba shi da tsada. A bar kujera inda nauyi ya daidaita, a kai birki da totur gaba, ko da za a ƙara wa gaban motar ɗan ƙarfe. A ɗaga sandar sitiyari ta tsallake gwiwa, a sa mata ɗan ƙari ta matso ƙirji. Idan direba ya taka birki har ƙasa, gwiwarsa ta kasance da sauran lanƙwasa. Idan ya murɗa sitiyari iyaka, bayansa kada ya rabu da kujera. Kujerar kuma ta kama haƙarƙari da ƙugu tsam, domin dogaye da yawa sirara ne, kuma wanda yake yawo a cikin kujera da sitiyari zai riƙa tallafe jikinsa maimakon ya tuƙa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun san wannan ilimi tun kafin a ƙera kat ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1956. A filin kilisar nan, taku kaɗan daga masu motoci, ba mahayin kirki da zai hau dokin wani bai daidaita likkafa da ƙafarsa ba. Manomi ba ya karɓar fartanya sai ya gwada ƙotar a hannu. Masaƙan Minjibir, da saƙarsu ta yi suna tun zamanin kakanni, kowa da yadda yake kafa masaƙarsa daidai zamansa. Sai da aka zo kan abin da ke gudu da ran mutum muka yarda cewa awo ɗaya ya ishi kowa.

Wani mai walda ya ce da ni, "Alhaji, motar ta haya ce, mutum ashirin ke hawa a yini, wa zan auna?" Uzurinsa yana da ƙarfi, na yarda. Amma ramuka uku ko huɗu a jere a mazaunin birki da totur, da noti mai kuncewa, sun isa a sauya awo cikin minti biyar. Ko a gasar tseren motoci ta Formula One an taɓa yin irin wannan. Justin Wilson ɗan Ingila, mai tsawon mita 1.93, ya rasa damar tuƙa wa ƙungiyar Minardi a 2002 saboda motar ta yi masa kaɗan. A 2003 suka ƙera wata daidai jikinsa, ya shiga gasar.

Mun mai da kat ɗin da ta kai ɗan yayana yashi wajen mai walda. Ɗan yayana ya zauna a ciki da takalmin da yake tuƙi da shi da hular kwano a ka, aka yi alama da alli. An dawo da kujera gaba da kamar yatsa uku, an kai birki da totur gaba da kusan tafin hannu, an ɗaga sitiyari. Aikin bai kai awa biyu ba. Da muka koma fili ya sha kwanar nan sau goma sha ɗaya, ina tsaye ina ƙirgawa, tayar baya ta ciki tana ɗan ɗagawa kowane zagaye.