Ga Masu Ƙulla Soyayya a Dabar 'Yan Bindiga

Kwanakin baya ƙanwata da ke karatu a nan Gusau ta turo mini wani littafi ta WhatsApp, irin waɗanda ake saki shafi-shafi kullum da dare, in labari ya ɗauko daɗi a ce sai ka biya kafin a sa ka a guruf. Ta ce, "Yaya, karanta ki ji, duk ɗakinmu shi muke bi." Na karanta har inda na kyauta ya tsaya. An tare mota a hanyar Funtuwa, an kwashi fasinjoji an yi daji da su, cikinsu har da wata budurwa. Kacallan dabar saurayi ne kyakkyawa, mai ƙarancin magana, wanda aka kashe wa iyaye aka kore musu shanu tun yana yaro. Ya hana yaransa taɓa ta, ya ware mata bukka, yana aiko mata da gasasshiyar kaza da madara. Ta tsane shi, daga baya ta fara tausaya masa, sai zuciya ta kamu. Ban biya kuɗin ci gaba ba, amma ƙanwata ta ba ni ƙarshen: ya tuba, ya miƙa bindiga, an ɗaura aure.

Wannan ne karo na uku da na ci karo da irin wannan zubi, sau biyu a rubuce, sau ɗaya a labaran da ake karantawa a YouTube. Raina ya ɓaci, kuma zan faɗi dalili.

Ina da 'yar kawu a wani ƙauye da ke yankin Tsafe. Da damina aka shiga garinsu cikin dare aka tafi da ita tare da wasu mata, ta yi sama da wata biyu a hannu. Bayan dawowarta ta daɗe ba ta ce wa kowa komai ba. Wata rana muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ba tare da na tambaye ta ba, sai ta fara ba ni labarin yaron da aka sa ya riƙa gadinsu. Ta ce bai wuce shekara goma sha biyar ba, bindigar ma ta kusa kai shi tsawo. Shi ne yake sassauta mata ɗauri in dare ya yi, shi ya kawo mata maganin zazzaɓi ƙwaya biyu a ƙulle cikin leda. Ita kuma takan kira shi "ƙanena", in ta tuƙa musu tuwo ta zaɓa masa inda ya fi laushi, in ya yi maganar da ba ta da ban dariya ta yi dariya. Sai ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Yaya, ranar da suka harbe wani dattijo don 'yan uwansa sun kasa kawo kuɗi, da yamma yaron nan ya zo yana zolayata, kuma wallahi na yi masa dariya. Me zan ce wa Allah?"

Marubuciyar da ke neman shafi mai daɗi za ta ɗauki maganin zazzaɓin nan da kalmar "ƙanena" ta gina soyayya a kai. Ni da na ga yadda hannun 'yar uwata ke rawa a kan faifai na san sunan abin: neman tsira da rai. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutumin da ruwan shanka da barcinka da numfashinka ke hannunsa, dole ka karanci fuskarsa fiye da yadda ka taɓa karantar ta mahaifiyarka, ɗan sassaucin da ya yi maka kuma ya zame maka kamar tsauni. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna magana a kan wannan, tun fashin bankin da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a 1973, inda mutum huɗu da aka tsare kwana shida suka fito suna kare waɗanda suka tsare su. Jin na gaske ne, ban musa ba. Har yau 'yar kawuna takan sa yaron nan a addu'a, sannan ta ji kunyar kanta. Amma abin da aka shuka a bakin bindiga ba a kai shi gaban liman a ce an samu yarda.

Abin da littattafan nan ke tsallakewa shi ne gida. Kawuna ya sayar da shanun huɗarsa biyu da gonar fadama, dangi suka yi karo-karo, aka haɗa da abin da 'yan dajin suka ƙara nema na katin waya da kayan abinci. Yau idan aka zuba abinci ba ta iya ci a gabansa, domin tana ganin ita ta cinye gonar. Maƙwabciyarta da aka kama su tare ba ta dawo ba, kuma kullum sai 'yar uwata ta wuce ta ƙofar gidansu in za ta ɗebo ruwa. Ga kuma kallon da mata ke yi wa cikinta a gidan biki, suna lissafin watanni a zuci. A wane shafi aka sa wannan?

Masu karanta waɗannan labarai fa ba baƙin wannan masifa ba ne. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar sakandaren Jangebe, 279 suka dawo bayan 'yan kwanaki. A watan Afrilun 2023 aka tafi da mutane kusan tamanin daga Wanzamai a ƙaramar hukumar Tsafe, akasarinsu mata da yara da suka fita neman itace. A watan Satumban shekarar aka fasa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wasunsu sai da suka shafe kusan wata bakwai a daji. Sarkin Bunguɗu da kansa ya yi fiye da wata guda a hannun masu garkuwa a 2021. Wanda kuma ke son ya ga yadda "auren daji" yake a zahiri, ya tuna 'yan matan Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a Yunin 2021: na ƙarshensu sai a 2023 suka fito, wasu da goyo a baya. Yara ne da aka ɗauke daga aji. Ƙanwata da ƙawayenta, da ke kwana a gidajen haya irin na Sabon Gida, su ake sayar wa labarin cewa a cikin masu fasa ƙofa akwai mijin aure.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ɗan bindiga ma mutum ne, kuma da yawansu zalunci ne ya kora su daji. Gaskiya ne. Duk wanda ya san Zamfara ya san rugagen da aka ƙone, ya san Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba, ya san burtalin da aka nome. Yaron da ya yi gadin 'yar uwata shi ma kamamme ne ta wata fuskar, wataƙila bai taɓa zama a gaban allo ba. A rubuta shi, ina so a rubuta shi, da tsoronsa da ƙwayar da yake sha don ya iya barci da laifin da ke cin sa. Abin da na ƙi shi ne a wanke shi da hawayen wadda ya ɗaure, a mayar da jikinta ladan tubansa. Mun riga mun ga inda wannan ruɗani ke kaiwa a waje da littafi: a Yulin 2022 aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da rana tsaka, har sai da gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Al'ummar da ta gaji takan fara ƙawata wanda take tsoro, kuma bai kamata alƙalami ya taya ta ba.

Ba kuma ina kiran a hana ba ne. A Satumban 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a finafinai, ban ga abin da hakan ya rage a hanyar Gusau zuwa Tsafe ba. Shiru ma wani nauyi ne a kan waɗanda suka dawo, domin yana tabbatar musu cewa abin da ya same su abin ɓoyewa ne.

Adabinmu ya taɓa bin wannan hanya da mutunci. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya fito a 1934, labarin yaro ne da aka raba da gida, ya ƙare a hannun wani Balarabe da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi. Marubucin bai ɓoye alherin mutumin ba. Amma bai bar mai karatu ya manta da uwar ba, wadda ta bazama neman ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, ta gan shi bayan wahala ta ci ƙarfinta, ba ta jima ba ta rasu. Alherin ubangida bai goge bashin ba, kuma saboda haka ne littafin ke taɓa zuciya har yau.

'Yan uwana marubuta, musamman mata, ku da kuka fi kowa sanin hanyar shiga zuciyar 'yan matanmu: waɗanda suka dawo suna nan a Tsafe da Bunguɗu da unguwannin Gusau, wasu a kangayen da suka fake bayan an tashi ƙauyukansu. Ku nemi izininsu, ku zauna ku saurara, ku sakaya sunayensu. Ku fara littafin daga ranar da aka sauke ta a bakin titi ba takalmi, mahaifinta ya rasa ta inda zai fara kallon ta. Ina roƙon ku, kafin ku sake ɗaura wa kacalla aure a shafi na ƙarshe, ku tuna a cikin guruf ɗin da kuke turawa akwai wadda ta kwana da sarƙa a ƙafa, kuma tana karantawa.